Alharini da Zinare Na Mata Ne

Mijina Muhyiddeen mutum ne da ko burodi zai saya sai ya kafa hujja. Muna zaune a unguwar Wangsa Maju, can ƙasar waje inda muka zo karatu, a wani ɗan gida da tagarsa ke kallon layin jirgin ƙasa na LRT, shi yana digiri na uku, ni ina na biyu. Duk mako malaminsa na jami'a sai ya dawo masa da babin da ya rubuta an yi masa kaca-kaca da jan biro. Abu ɗaya ne ya rage da ke sa shi dariya har haƙora su fito, wato wasan da suke yi a intanet kowace Asabar bayan la'asar.

Wasan ba wani abu ba ne mai wuyar ganewa. Mutum biyar ke haɗuwa su shiga kogo su kashe dodo, kowa da aikinsa. Nata'ala, wanda shi ma ɗalibi ne, shi ne shugaba, shi ke tsayawa gaba ya sha duka. Shafi'u mai sayar da wayoyi a unguwar Sentul da sauran biyun su ke kai sara. Mijina ne ya shigo daga baya, sai ya tarar aiki ɗaya ya rage: mai magani, ko hila a bakin 'yan wasan, wanda ke tsayawa can baya yana warkar da duk wanda ransa ya kusa fita. Abokansa suna ce masa boka. Shi kuwa ya ce likita ne, kuma duk wanda ya sake cewa boka ba zai yafe ba.

Rigimar a kan kaya ta taso. Kowane aiki da tufafin da suka dace da shi. Mai magani yana buƙatar abin da zai ƙara masa ƙarfin warkarwa, kuma a wasan nan mafi kyawun kayan su ne doguwar rigar alharini, da zoben zinare, da wata laya da ake rataya a wuya. Duk sun faɗo masa a kogo, abokan suka bar masa da murna. Malam, mijin nawa, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya gyara zama, ya ce ba zai saka ba. Alharini da zinare haramun ne ga maza, laya kuwa ba ma sai an faɗa ba.

Maimakon haka ya zabga sulken ƙarfe tun daga wuya har gwiwa, da kwalkwali mai ƙaho, da garkuwa kamar murfin tukunyar biki. Sandar magani ma ya ajiye ta, ya ɗauki takobi. Zoben azurfa kaɗai ya yarda da shi, shi ma wanda ke ƙara ƙarfin sara ne.

Ni na san mijina. Ba na shakkar addininsa ko kaɗan, amma wannan ba addini ba ne. Mutumin da ke jifan dodo da walƙiya daga tafin hannunsa bai taɓa tambayar hukuncin walƙiyar ba. Abin da ke cinsa shi ne tsayuwa a baya cikin riga mai shara-shara, ga sauran maza a gaba cikin ƙarfe. Hujjar daga baya ta zo, kuma da ya furta ta a gaban mutane, shi ke nan, ya ɗaure kansa.

Sai suka iso wani kogo mai ƙaton maciji, nan tafiya ta tsaya. Makonni suna mutuwa a wuri ɗaya. Ina kicin ina jiyo muryoyinsu ta lasifika.

"Ustaz, warkar da ni! Ustaz! Ina kake?"

"Ina zuwa, ina saran wutsiyar."

"Wa ya aike ka wutsiya? Wayyo, na mutu. Shi ke nan lah, kowa ya mutu."

Ranar da abin ya ishi Nata'ala, bai yi wasa ba. Ya ce, "Ustaz, muna ganin girmanka wallahi. Amma hila ɗin da ƙarfin maganinsa ke ƙarewa kafin maciji ya gama hamma, ba hila ba ne. Asabar mai zuwa ko ka saka kayan, ko mu ɗauki wani ɗan Indunusiya da ke ta roƙonmu. Boleh? Ka yarda?"

Malam ya ce shi ba zai sayar da aƙidarsa don maciji ba, ya kashe kwamfuta.

Makon nan na ga abin tausayi. Ya daina cin abinci sosai. Na sayo masa nasi kandar, shinkafa da miyar kori, daga mamak, gidan abincin da ke ƙasan gidanmu, abin da yake mutuwar so, ya tsakura ya ture. Yakan buɗe wasan shi kaɗai, ya kai kibiyar linzami kan rigar alharinin, ya karanta lambobin ƙarfin da take ƙarawa, ya yi ajiyar zuciya, ya rufe. Na ji tausayinsa, gaskiya. A garin nan ba mu da kowa, mutanen nan huɗu su ne majalisarsa, su ne zaurensa. Amma tausayin bai hana ni jin haushi ba, domin magana ɗaya ce za ta fitar da shi, "na yi kuskure", kuma na san gara masa a cire masa haƙori.

Ranar Alhamis ya same ni ina guga, fuskarsa tana sheƙi.

"Zulaihatu, na samo mafita."

"Ka yarda za ka saka?"

"Haba, ni? A'a. Ai alharini da zinare halal ne ga mata."

Na ajiye dutsen guga. Ya yi min bayani dalla-dalla, har da ɗaga yatsa. Wasan yana ba mutum dama ya canza siffar jaruminsa da sunansa. Zai mayar da shi mace, ya sa masa sunana, ya saka mata kayan. Zai ce wa abokansa ya ba ni aron akawun ɗinsa. Ni zan riƙe makirfo in riƙa amsawa, shi kuma yana gefe yana danna maɓallai. In an kashe macijin, sai ya ce shi ya koyar da ni, ya koma kujerarsa da mutuncinsa.

Na ce, "To Malam, namiji ya yi shigar mata fa, ina hukuncinsa?"

Ya ce, "Ai ba ni ba ne, hoto ne."

"Da da ka ƙi saka alharinin, ba hoton ba ne?"

Ya ce in daina jayayya a kan abin da ban karanta ba. Na ce layar fa? Ya ce ya duba da kyau, ashe sarƙa ce.

Na yarda. Rabi don tausayi, rabi don ina son in ga ƙarshen abin.

Ya kamata ku ga yadda mutumin nan ya shirya matar nan tasa ta cikin kwamfuta. Ni da ya aura bai taɓa tsayawa ya zaɓa min ko ɗankwali ba, 'yan kunnen da ke kunnena ma na ruwan gwal ne da suka fara koɗewa. Amma ita, sai da ya gwada mata zobe uku yana auna wanda ya fi saurin dawo da ƙarfin magani. Ya cire takalmin ƙarfe ya sa mata na yadi, don ta iya kauce wa dafi. Ya ɗauko sandar da ya wulaƙanta ya ɗaura mata wani farin dutse a kai. Ashe duk ya san abin da ya dace, tun farko ya sani.

Asabar ta zo da ruwan sama irin na garin nan, mai zuba kamar an kifar da bokiti. Na zauna da makirfo, na yi sallama.

Shafi'u ya ce, "Ah, Madam da kanta! Kin taɓa bugawa kuwa?"

Malam ya raɗa min amsa, na yi banza da ita. Na ce, "Ina dai kallon yadda ake kashe ku."

Aka shiga kogo. Ban taɓa ganin yatsun mijina suna aiki haka ba. Ya tsaya a baya, inda ya kamata. Kafin jan layin ran Nata'ala ya kai rabi ya cika masa shi. Maciji ya feso dafi, ya wanke su duka da dannawa ɗaya. Shafi'u ya faɗi, ya tashe shi. Gumi yana bin gemunsa, leɓensa na motsi, sai ya manta ya buɗe baki zai ba da umarni, in taka masa ƙafa. Ni kuwa ina kishingiɗe ina cin gyaɗa, lokaci zuwa lokaci in ce, "Ku matsa hagu," in ya nuna min hagu.

Macijin ya faɗi. Ihun da suka yi sai da na janye kaina daga lasifika. Malam ya miƙe tsaye, hannuwa sama, baki buɗe, ba sauti. Ya miƙo hannu zai karɓi makirfo, sai muryar Nata'ala ta riga shi.

"Madam, wallahi ke ce hila! Ustaz yana kusa? Ki gaya masa ya huta. Ya je ya ji da babinsa, mun yafe masa. Wata nawa yana kashe mu, ashe gwanar tana kicin!"

Shafi'u ya ƙara da cewa, "Hannun ma daban ne. Ustaz ko shekara zai yi ba zai iya wannan ba."

Na miƙa masa makirfon. Na riƙe shi daidai bakinsa, na jira. Abin da zai ce kaɗan ne: ni ne, ni na saka alharinin, ni na saka zinaren, ni ne matar. Ya dubi makirfon, ya dubi jarumar tana juyi cikin rigarta. Ya share murya.

"Allah ya yi mata baiwa," in ji shi.

Kafin magariba sun cire shi daga zauren WhatsApp ɗinsu sun saka ni.

Yanzu haka muke. Kowace Asabar yana zama ya buga, shiru kamar an ɗinke masa baki, ni ina karɓar yabo. In ya haɗu da su a masallacin Juma'a, sai su ba shi saƙon gaisuwa ya kawo min, wani lokacin har da shawarar ya riƙa zama kusa da ni ko zai koyi wani abu.

Makon jiya Shafi'u ya aiko wa jarumar kyauta ta cikin wasan, wani kambun zinare, da saƙo wai na Madam ne don ta gaji da ceton rayukansu. Malam ya tashi kamar zai fasa kwamfutar. Wane irin rashin kunya ne wani ƙato ya aiko wa matar aure zinare? Yanzu-yanzu zai mayar masa da abinsa.

Na ce, "Mayar masa mana."

Ya kai kibiyar kan kambun don ya mayar, sai lambobin ƙarfinsa suka bayyana. Ya daɗe yana karantawa. Ya waiwayo ya ga ko ina kallonsa, ina kuwa kallonsa.

Ya saka.