Injiniya Hamisu Ya Gyara Madubi

Mabiyana sannunku. Yau ba da shaƙiyanci na zo ba, labari zan ba ku, kuma har yanzu ƙirjina tafasa yake yi.

Babanmu, Allah ya ji ƙansa, shi ne mai hoton Matameye tun kafin salula ta mai da kowa gwani. Suna, biki, katin lakwal na 'yan makaranta, har daga Kance ake zuwa. Amma ku birkice gidanmu kaf, babu hotonsa ko ɗaya. Kullum yana bayan kyamara.

Ranar sunan 'yar yayata Hanifa, Inna ta kafe sai an ɗauke ta hoto tare da Baba. Baba ya saita tsohuwar kyamararsa mai pelikil, wato fim, ya miƙo mini, na danna. Ta yi ƙas, madubin cikinta ya ɗaga ya ƙi saukowa, in ka leƙa sai duhu. Baba ya ce hoton ya shiga, madubin ne kawai ya manne, zai duba. Bai duba ba. Ciwo ya kwantar da shi, ya tafi.

Bayan arba'in na kira Malam Sallau, abokin sana'arsa a Damagaram. Ya ce soson da madubin ke buga ne ya tsufa ya yi danƙo, in kawo masa ita, zai gyara ya wanke pelikil ɗin. Ya ja mini kunne: kar wanda ya buɗe bayanta, haske na taɓa pelikil ɗin da ba a wanke ba, hoto ya mutu.

Sai ga Yaya Hamisu ya dawo daga ci-rani. Wai ya zauna rumfar masu gyaran waya a Kano, saboda haka yanzu sunansa injiniya. Kayan aikinsa turnabis, wato sukudireba, da buroshin haƙori. Na gaya masa abin da Malam Sallau ya ce, ya ce tsofaffi ne da son wahalar da mutane.

Na je tasha tambayar motar safe ta Damagaram. Na dawo na tarar da shi bisa tabarma, rana tsaka, ga kwalbar esansi, wato fetur, ga kyamara baki buɗe. Ya zaro pelikil ɗin tsawon hannu, ya ɗaga sama yana kanne ido, yadda ya saba ganin Baba na yi.

"Ƙanena, wannan abin banza ne, babu kowa a ciki," in ji shi. "Amma saurara." Ya danna, ƙas, madubi ya hau ya sauko.

"Yaya, wanda Baba ke ɗagawa a rana wankakke ne. Baba na ciki, kai ka goge shi."

Na gaya masa sauran magana, irin wadda ƙane ba ya gaya wa wansa. Pelikil na ta lilo a hannunsa.

Inna ta jiyo ƙarar kyamarar daga ɗaki, ta fito tana sa wa Hamisu albarka. Ta ce in na je Damagaram a yi mata hoton babba mai gilashi, ta riga ta buga ƙusa saman gadonta. Hamisu ya taka mini ƙafa.

Ƙusar na nan, ban buɗe baki ba tukuna. Da ku ne ni, me za ku ce mata?