Muryar Ɗan Fari

…kuma Inna ce fa ta faɗa, da bakinta. Inna! Dijatu na tsaye tsakiyar gonar gyaɗa, fartanya a hannu, ji take kamar ƙasar Katagum ce ta buɗe baki. "Yi mini muryar wancan."

Wancan… Yaya Siddiƙu ke nan, ɗan fari. Shekara talatin da ɗaya Inna ba ta taɓa kama sunansa ba. Kunya ce, haka ta tarar da iyayenta. Su biyu suka shiga soja, shi da ƙanensa Zayyad. In saƙon Zayyad ya shigo waya, ƙwacewa take, ta saurara sau uku, a danna mata ta amsa: ka ci abinci? Sauro fa? In na wancan ne kuwa — zumbur! "Tuwona zai ƙone." Wane tuwo, murhu ko hayaƙi babu?

Ita kuma ja'irar Dijatu, gwanar kwaikwayon murya, sai ta bi ta madafa, ta kumbura wuya, ta yi ɗan tarin nan da yake yi kafin magana: "Ehem… a gaida Bappa, a gaida mutanen gida, kar a sayar da jan san nan." Muciya ta biyo ta har zaure. Dariya… ashe lokacin dariya ake yi a gidan.

Kwana arba'in da uku ba a ji daga Yaya Siddiƙu ba. Duk Juma'a Dijatu na tura masa labari — an yi ruwa, gero ya fid da kai, jan sa ya yi ƙiba — alamar nan ɗaya ce a waya, ta ƙi zama biyu. Zayyad ya ce an tura su Yaya gaba ne, can bakin tafki, babu sabis. Babu sabis… to me ya sa ya haɗiye yawu kafin ya faɗa? Ita da ta san murya? Ita da ke jin ƙarya tun daga maƙogwaro?

Inna na durƙushe, tana kaɗe ƙasa daga saiwar gyaɗa, ba ta ɗago ba. Jira take.

Ya Allah… wasa ne fa da. Tari tukuna. "Ehem. Salamu alaikum… a gaida mutanen gida."

Ya fito. Shi ne, wallahi shi ne — kamar yana tsaye bayan kunyar can da takalmansa masu nauyi.

Hannun Inna ya tsaya cak.

"Wa alaikumus salam… Abubakar."

Sunan! Ashe yana nan cikin bakinta duk shekarun nan, a ajiye, ko ƙura bai yi ba?

"Ka ci abinci?"

Dijatu ta buɗe baki. Tana da tarinsa, tana da gaisuwarsa, har yadda yake tsawata wa sa tana da shi… amma wannan? Inna ba ta taɓa tambayarsa ba. Ita Dijatu ba ta taɓa jin yadda yake amsawa ba.

Inna kuwa ta karkato kunne…