Akwatin Baba ya rigai isowa

Yaya Habsa, Baba ya dawo daga hajji, da ƙafafunshi, kuma ragona na nan da rai. Ki share hawaye in saƙon farko na rasuwarshi ya iske ki can Tabla.

Kin san na haihu ran Talata, namiji. Kin san ragon nan ɗaya da ya rage muna cikin farin nan, wanda ni da mijina Manzo muka yi ta ba dussa muna kwana da yunwa don sunan ɗanmu. To ran Alhamis sai ga kamiyon Yamai, babbar motar kayan nan, ya aje akwatin Baba ƙofar gida, da sunanshi da Filinge rubuce da fenti, babu Baba. Direba ya ce wani ma'aikacin filin jirgi ya ba shi, alhazzai duk sun sauka, akwatin na ta zama ba mai shi. Kin san abin da ake nufi in kayan alhaji sunka zo su kaɗai. Inna ta faɗi ƙasa. Kawu Dodo ya ce a yanka ragona sadaka. Ina cikin jego, ina kukan uba, ina kukan rago, kuma ba halin in ce a'a.

Jiya da hantsi an kada ragon, Kawu na wasa wuƙa, sai ga Baba ya shigo da buta a hannu. Ko sallama bai gama ba ya ce, "Wa ya ga akwatina?"

Ashe daga Jidda jirgi ya sauke su Njamena su sake wani. Baba ya ɗauka tashar motar Baleyara ce. Ya ce tun da yake bai taɓa shiga mota ba sai ya ga an ɗora kayanshi an ɗaure. Anka ce mishi, "Alhaji, ga 'yar takarda manne ga biyenka na shiga jirgi, kayanka za su bi ka har Yamai." Ya ce takarda ba ta da kai, da me za ta ɗauka? Ya shimfiɗa buzu ya zauna jiran akwati. Jirgi ya tashi da akwatin, ya bar mai shi. Kwana huɗu ya yi can, Yaya, kafin a sa shi wani jirgi.

Inna ta ce, "Malam, mun yi maka zaman makoki."

Ya ce, "Da kun buɗe akwatin?"

"Ba mu buɗe ba."

"To madalla."

Shi ke nan abin da ya ce. Har yanzu cewa yake ai shi ya yi daidai, jirgin ne bai da hankali.

Na sa Manzo ya kwance ragon ya ɗaure shi bakin ɗakina, inda nake ganinshi. Suna na nan ran Talata. Ki gaya ma Dijatu da mutanen Bonkuku su daina zuwa gaisuwa, su zo cin nama.