Wutar da Ba a Gani

Ƙanena Gregory ba ya zuwa daga Abuja sai da abin da zai sa mutum magana. Wannan karon murhun etanol ya kawo wa Baba: akwatin ƙarfe mai gilashi, da jarkar mansa, wanda mu muke ce wa sipirit.

Gaskiya ban ƙi ba. Tun da na ɗauko Baba daga Madakiya zuwa gidana a Kafanchan tari ke ba shi wahala, likita kuma ya hana shi zama kusa da gawayi. Ga ruwan Agusta, sanyi har cikin ƙashi. Murhun ba hayaƙi, ba toka, ba ruwansa da an kawo lantarki ko an ɗauke. Sai dai zafinsa bai taka kara ya karya ba, ga shan mai kamar tsohon babur.

Dokokin, ni Gregory ya karanta wa, da Turanci, ƙafarsa ɗaya a mota: a bar taga a ɗan buɗe, kada a ƙara mai sai an rufe murhun ya huce. Baba yana gefe yana gyaɗa kai, shi da kunnensa ya daɗe da yin nauyi.

A ƙauyenmu dattijo ba ya barin wutar ɗakinsa ta mutu da damina. Da ta yi ƙasa zai tura mata ice. A jira wuta ta huce kafin a ƙara mata? Wannan a wurin Baba lalaci ne.

Ran Lahadi bayan sujada na kunna masa murhun a falo, na shiga dafa faten acca. Ruwa ya ɗauke, rana ta leƙo ta taga. Da na fito da kwano a hannu, sai na tarar da Baba a tsugunne gaban murhun, ya ba ni baya. Ya buɗe jarkar, yana ƙoƙarin ɗaga ta.

Hasken rana ya shanye harshen wutar, ni ma ban ga komai a ciki ba. Amma murfin murhun a buɗe yake, iskar da ke samansa kuma tana rawa. Wutar na nan da ranta.

In na yi ihu zai firgita, hannunsa kuwa dama rawa yake. In na yi a hankali ba zai ji ba. Na ajiye kwanon a ƙasa, na fara takawa.

"Baba," na ce.

Bai juyo ba. Shi kaɗai yake mita: "Wutan nan ya mutu. Abin Abuja ke nan, ba ya jimrewa."

Bakin jarkar ya taɓa gefen murhun. Na ji man ya yi ƙul a ciki, yana gangarowa.

Ban san yadda na tsallake teburin ba. Na toshe bakin jarkar da tafin hannuna, na fizge ta baya. Ɗan abin da ya zuba ya isa. Fuu! Wuta ta yi tsalle ta kama hannun rigar sanyinsa.

"Yesu!" in ji Baba.

Na cilla jarkar bayan kujera, na kwance zanena na nannaɗe masa hannu, na danne har warin ƙonannen ulu ya cika falon. Sannan na ja murfin murhun da ƙugiyarsa. Rigar ta tafi, amma fatarsa ja kawai ta yi. Haushi nake ji, na Gregory, na murhun, har na Baba, ga kuka yana neman ƙwace mini.

Baba bai kula hannun ba. Murhun yake kallo.

"Beatrice," ya ce a hankali, "akwai wuta a ciki tun ɗazu?"

"Akwai, Baba."

Ya kai yatsa ya shafa idonsa, muryarsa ta karye.

"Kunne ya riga ya tafi. Faɗa mini gaskiya, 'yata, ido ma ya bi shi?"

Na zauna a ƙasa kusa da shi, na riƙe hannun da bai ƙone ba.

"A'a, Baba. Ni ma ban gan ta ba."