Yunwa da Rumbu Cike

Murar da ta ratsa ƙauyen Babankatami a shekarar da gero ya yi kyau bayan fari, kowa ta kama ta saki, ban da Zaliha matar Mati, mai tsohon ciki. Ita sai amai, sai haki kamar wadda ta hau dutse da tulu. Numfashinta yana warin ruɓaɓɓen mangwaro.

Mati ya saka ta motar kasuwa sai gidan likita na Madawa, yana mita tun daga tasha. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya sunsuna bakinta ya ce ciwon sukari ne. Aka auna jini, sukari daidai. Mati ya ce to a ba su kinin, maganin zazzaɓi, su koma, ya bar awaki ba mai kulawa.

Likita ya hana. Ya sa aka auna fitsari, ya ce jininta ya yi tsami. Mai ciki in ta daina ci ga zazzaɓi, jiki kitsensa yake ƙonawa, dafi ya taru a jini ko sukari bai hau ba. In aka bar ta haka, ita da ɗan duka za a rasa. A taƙaice, yunwa ce.

Nan ran Mati ya ɓaci.

"Yunwa? Gidana? Likita, taho ka ga rumbuna."

Likita bai kula shi ba, ya tambayi Zaliha yaushe rabonta da abinci. Ta juya fuska bango. Da ƙyar ta faɗa: azumin bara take ramawa, wanda ta sha tana jinya, ga watan azumi ya matso. Ba ta gaya wa kowa ba don kada a hana ta. Furar da take sha da magariba kuwa ba ta zama cikinta.

Mati ya tuna duk kwanon da aka kai mata yakan dawo wanke. Ashe 'ya'yan maƙwabta ke ƙiba.

Aka ɗaura mata ruwan sukari ta jijiya, kwalba na bin kwalba. Washegari da hantsi hakin ya lafa, ɗan ya motsa. Ta buɗe ido, ta dubi robar da ke hannunta, sannan ta dubi Mati.

"Malam, wanga ruwa yana karya azumi?"

"Ya karya shi," in ji Mati, yana dama fura da kansa. "Na gobe ma ya karye. Buɗe baki."