Hoda a Kan Bulok

Bulok ɗin, wato gangar jikin injin mota, yana kwance tsirara a kan katako, an zare masa fistin, ramukan silinda huɗu suna kallon rufin kwano. Tun hantsi Baban Gareji yake dirzarsa da burushi da kananzir, har baƙin maiƙon shekara goma ya sake shi. Injin motar ƙaramin asibitin unguwa ne, wadda ke kwasar masu naƙuda zuwa babban asibiti in haihuwa ta zo da gardama.

"Yau dai na kama ɓarawon hodata," in ji matarsa daga bakin ƙofa, da kwanon abinci a hannu.

"Aro na yi, Uwar Auta."

"Wata uku ina zargin jikokina, ashe ƙarfe ake yi wa kwalliya. Ni yaushe rabon da ka ce na yi kyau?"

"Ke da ba ki da tsaga, me za ki yi da hoda?"

Ta harare shi tana danne dariya, ta jawo benci ta zauna.

Ya goge bulok ɗin da tsumma ya bushe, ya barbaɗe shi da hoda har ya yi fari fat. Haka ya koya tun yana saurayi: in akwai tsagar da ido ba ya gani, kananzir yakan maƙale a ciki, hoda kuma ta tsotso shi waje. Suka zuba ido.

Ita ta fara gani. "Malam, wannan silin gashin fa?"

Ba gashi ba ne. Wani siririn layi ne ya jiƙe, daga silinda ta biyu zuwa ramin ruwa. Ruwa zai haɗu da mai, wata rana injin ya cije a tsakiyar hanya. Ga 'yarsu Auta da cikin wata takwas, haihuwarta ta fari ma sai da aka yi mata aiki.

* * *

Da la'asar jami'in da ke kula da motocin asibiti ya iso. Ya leƙa layin daga nesa, yana tattare rigarsa kada ta taɓa maiƙo.

"Baba, wannan ɗan abin? Shafa masa gam ka fesa fenti. Jibi manya za su zo dubawa."

"Ranka ya daɗe, manya fenti za su duba. Zafi kuwa bai san fenti ba. Bulok za a sake."

"Kowa haka yake yi."

"Na sani. Shi ya sa kowa yake tura mota."

Jami'in bai yi fushi ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Murmushi ya yi, ya ƙwala wa Gaggawa kira, makanikin da ke rumfar gaba. Kafin a jima an ɗora bulok ɗin a baro. Masu gareji shida suna kallo, dukkansu sun san layin nan, dukkansu suna da mata da 'ya'ya, amma kowa ya sunkuyar da kai ga sifanarsa.

* * *

Kwana uku bayan haka motar asibitin ta tsaya a bakin gareji a ƙara wa tayarta iska, tana sheƙi. Da ta tashi, Baban Gareji ya tsuguna inda ta tsaya. Ɗigon mai ɗaya ne a ƙasa. Ya dangwala ya murza: ya fara yin fari kamar madara, ruwa ya shige shi ke nan.

Ya zagaya baya, ya yaye tamfol daga kan tsohuwar motarsa da ta shekara huɗu ba ta motsa ba. Kaza ta yi tsalle ta fito daga ƙarƙashinta.

"Uwar Auta, saura sati nawa Auta ta haihu?"

"Ungozoma ta ce biyar."

"To bar min hodar."

Ta ajiye masa gwangwanin a kan bonet, ta kakkaɓe masa farin da ya maƙale a gemu.

"Matar Gaggawa ma watanta ya kusa," ta ce a hankali.

Ya buɗe ƙofar baya, ya daɗe yana auna faɗin kujerar da ido, ko za ta ɗauki masu naƙuda biyu.