Zanzaron da Ba Ya Ƙetare Kogi

Shekara goma sha huɗu Dakta ya yi yana bin wani ɗan zanzaro da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ba irin mai gina ɗakin laka a kusurwar bango ba ne, kuma ba ya harbin mutum. Aikinsa ya fi haka muni. Macen takan sami tsutsar da ke cin ganyen kabeji, ta soka mata ƙwai a ciki, ta yi tafiyarta. 'Ya'yan su ƙyanƙyashe, su ci tsutsar da ranta, su huda fatarta su fito. Wannan halitta ce Dakta yake yabo a gaban baƙi, ana tsakiyar cin abinci.

Ofishinsa yana hawa na biyu a cibiyar binciken ƙwari, ɗaki mai warin kafur, cike da akwatunan katako masu murfin gilashi. Akwai fanka, amma ba a kunna ta, don kada ta kwashe fukafukai. A nan yake wuni, ido a kan madubin nan mai ƙara wa ƙananan abubuwa girma, yana ƙirga gaɓoɓin ƙahon zanzaro. In gaɓa goma sha tara ce, nasa ne. In ashirin ce, wani iri ne daban, kuma Dakta ba ya ko gaishe shi.

Yadda ake kama su babu wuya. Roba rawaya ake cika wa ruwan sabulu, a ajiye a gindin shuka kwana uku. Launin ya ja su, sabulun ya nutsar da su. Wahalar ita ce mutane. Shekarar farko ya baza roba arba'in a bakin hanyoyi, washegari ya tarar da uku, ɗaya ma kare na shan ruwa a ciki. Tun daga ranar ba ya ajiye roba sai a gidan wanda ya sani, inda za a tsare masa.

Duk inda ya kama nasa, sai ya ɗiga jan ɗigo a taswirar gari da kewaye. Ɗigo talatin da ɗaya ya tara, duka a gabas da kogi. Yamma fari fat. Sai ya rubuta maƙala cewa kogin ne iyakar wannan zanzaro, ba ya ƙetare shi. Wata mujalla ta karɓa, edita ya ba shi zuwa ranar Alhamis da sha biyun rana ya aiko gyaran ƙarshe. Da wannan maƙala za a ƙara masa girma kafin ritaya. Ba shi da wata.

Ranar Asabar ya shimfiɗa taswirar a teburin cin abinci, ba don gyara ba, don a gani. Matarsa na guga a gefe. Ta leƙo da dutsen guga a hannu.

"Baban yara, wannan ɗigon ba gidan Kawu ba ne?"

"Wuri na bakwai ke nan. Ƙasa mai danshi."

"Gidan Kawu ne dai. Wannan kuma gidan ƙanwata. Ga na abokinka mai kemis. Ga na Goggo, har ɗigo uku."

"Lambunta na da faɗi."

"Tukunyarta ke da faɗi."

Ta ajiye dutsen, ta bi ɗigon da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ta kasa faɗin mai gidan, da abin da aka dafa ranar da suka je.

"Wannan ba taswirar zanzaro ba ce," in ji ta. "Taswirar inda ake zuba maka abinci ce."

"Ke me kika sani a kan rabe-raben halittu?"

"Ban san komai ba. Roba nawa ka ajiye a yamma?"

"Yanayin can bai dace da shi ba."

"Na ce nawa ka ajiye?"

Dakta ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ko ɗaya bai taɓa ajiyewa ba. Mutum ɗaya ya sani mai lambu a yamma da kogi, yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shekara tara ke nan ba sa ga maciji.

Abin da ya haɗa su abin kunya ne ga manya. Zai yi tafiya, ya kai mata kwali cike da tsutsotsi masu ƙwan zanzaro a ciki, ya ɗora a kan firij bai ce mata komai ba. Ta buɗe, ta yi salati, ta juye wa kajinta. Da ya dawo ya kira ta jahila a gaban surukanta, ya rantse ba zai ƙara taka ƙofarta ba. Ita kuma ta ce ƙofar ta huta. Ni a ganina duk su biyun sun yi wauta, amma tasa ta fi, domin shi ne ƙarami kuma shi ne ya yi karatu.

Ba zan zalunce shi ba, Dakta ba maƙaryaci ba ne. Da ya gane bai taɓa dubawa ba, abin ya tsaya masa a wuya. Amma girman kai ya fi gaskiya saurin sa takalmi. Ranar Lahadi ya hau bas ya ƙetare gada da robobi shida da jarkar ruwan sabulu, da niyyar yin aikinsa ba tare da Yaya ba.

Ya jera uku a gindin furanni kusa da gidan mai. Kafin ya gama rubuta lamba, mai wankin mota ya tsoma soso a ɗaya, ya ce Allah ya saka. Ya matsa gaba ya ƙwanƙwasa wani gida mai shuke-shuke, ya roƙi a bar shi ya ajiye roba a kusurwa huɗu na tsakar gida.

"Kusurwa huɗu?" in ji mai gidan. "Kwana nawa?"

"Uku. Kada kowa ya taɓa, kada a zubar da ruwan."

"Wa ya aiko ka? Ɗan'uwan matata ne, ko?"

"Malam, bincike ne."

"To je ka binne shi a gidanku!"

Da tsintsiya aka rako shi har titi.

Ya dawo gida ya lallaɓa matarsa ta kai robobin gidan Yaya ta ce nata ne.

"Ni na kira ta jahila?" in ji ta. "Ni fa kowane wata sai na je mun sha shayi. Kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Litinin ce ranar ƙarshe. In roba ba ta zauna ranar ba, kwana uku ba za su cika kafin Alhamis ba. Da hantsi Dakta ya shiga lungun bayan gidan Yaya. Ya san lambun kabejinta yana jikin katangar baya. Rantsuwarsa a kan ƙofa take, bai ce komai a kan katanga ba. Ya huda bakin roba uku-uku ya ɗaura igiya, ya taka wata tsohuwar taya, ya fara zura ta farko a hankali, kamar mai jan ruwa a rijiya amma a juye. Ta sauka lafiya. Ya zura ta biyu. Tun ba ta kai ƙasa ba sai igiyar ta yi sako-sako, kamar an karɓa.

"Auta," in ji wata murya daga ciki, "ƙofa ce ta ɓace maka?"

Dakta ya ƙanƙame katanga.

"Ina ganin sanƙonka. Ya ƙara faɗi. Zagayo."

Mutum mai shekara hamsin da takwas, mai digiri uku, ya sauko daga taya ya zagaya. Yaya na tsaye a bakin ƙofa, robar a hannu ɗaya, ɗaya hannun a ƙugu. Ta ƙara tsufa, amma idon nan yana nan.

"Ina kwana, Yaya."

"Kwana dubu uku da wani abu, wanne kake tambaya?"

Ya yi mata bayanin kogi, da taswira, da edita, da Alhamis. Ta saurara har ya gama.

"Na ji. Wace ce jahila?"

Ya ce wani abu a cikin maƙogwaro.

"Kunnena ya yi nauyi, Auta."

"Ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni ne jahilin, Yaya."

"Shigo. Goge ƙafarka."

Ta bar shi ya jera robobi shida a tsakanin kabeji, amma ta ce ita ba mai gadi ba ce. Kajinta ashirin da biyu ne, kuma duk abin da ke da ruwa nasu ne. In yana son robobinsa ya tsare su da kansa. Haka Dakta ya ɗauki hutu a ofis, ya kwana uku yana zuwa tun ana buɗe akurki har a rufe, zaune a kan bokiti da sandar mofa. Akwai wani jan zakara da ya ɗauke shi abokin gaba tun ganin farko. In Dakta ya kore shi ta dama, kaji su afka ta hagu. Ranar Talata ya bi shi da gudu, ya taka tiyo, ya zauna a kan kabeji.

"Wannan kai biyu ka fasa min," Yaya ta ce ta taga. "A makarantar taku ba a koyar da tafiya?"

Da rana takan miƙo masa faranti ta tagar, ba ta ce ya shigo ba. Yakan cinye tas. Ranar Laraba ta fito da kujera ta zauna kusa da shi tana gyaran wake, ta ba shi labarin duk wanda ya mutu, da wanda ya haihu, da wanda ya yi ƙiba a shekara tara. Rabin su bai san an yi ba.

Alhamis da safe ya zo da madubinsa a akwati. Ya tace ruwan robobin da rariyar shayi, ya juye abin da ya samu a farin faranti a teburin kicin. Ƙudaje ne da yawa, da ƙudan zuma biyu, da gashin kaza. A tsakaninsu kuma ga wasu 'yan baƙaƙe ƙanana, sun fi talatin.

Ya ɗauki ɗaya da bakin allura ya sa a madubi. Ya ƙirga. Goma sha tara. Ya juya ta ya ƙirga ɗaya ƙahon, ko Allah zai sa a sami ashirin. Goma sha tara. Ya ƙirga ta biyu, ta uku, ta goma. A ta goma sha ɗaya ya sami ashirin, har ya miƙe tsaye, sannan ya ga ƙura ce ta maƙale.

Yaya tana waje tana shanya. Ga wurin wanke-wanke kusa da gwiwar hannunsa, famfo na ɗiga. Da ya karkata farantin, da an gama. Babu wanda ya gani, kuma kaji ba sa rubuta wa mujalla. Ya ɗaga farantin ya riƙe a kan ramin. Ya daɗe a haka. Sannan ya mayar da shi tebur, ya zauna, ya dafe kai.

Yaya ta shigo da bokiti, ta leƙa.

"Waɗannan ne? Saboda waɗannan ka zauna min a kan kabeji?"

"Su ne, Yaya."

"Ai da ka tambaye ni. Kullum sai na share su a tagar nan da tsumma. Da zafi har cikin gishiri suke faɗawa."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka yi fushi."

Ƙarfe sha biyu saura kwata ya kira edita, ya ce akwai gyara.

"Madalla, Dakta. Wane shafi?"

"Taken maƙalar. Da farko. Da tsakiya. Da ƙarshe."

"To me ya rage?"

Dakta ya duba takardun. "Godiya ga waɗanda suka tsare min robobi."

Edita ya yi tari, ya ce ba a buga godiya ita kaɗai, kuma akwai wata mai maƙala a kan gara da ke jiran gurbi tun bara. Ya yi masa fatan alheri ya kashe waya. Ƙarin girma ya tafi ke nan, kuma ni ban ga wanda ya zalunce shi ba. Wanda bai duba wuri ba, ba shi da ikon cewa babu komai a can.

Ya zaro taswirar ya shimfiɗa, ya ɗiga ja a yamma da kogi, shi kaɗai a cikin farin fili.

"Wannan ne gidana?" in ji Yaya. "Me ya sa na Goggo uku, nawa ɗaya?"

"Ba haka ake yi ba, Yaya. Kowane ɗigo wuri ne."

"Lambu wuri ne. Taga wuri ce. Gishiri wuri ne."

Ta ɗauko tsumma ta nufi tagar. Dakta ya yi tsalle ya tare ta da hannu biyu.

"Don Allah kada ki share! Bari in kwashe tukuna."

Ya durƙusa a jikin tagar da ɗan burushi da kwalba, yana tsince su ɗaya-ɗaya daga cikin ƙura, yana ƙirga a hankali.

"Matsa min, Auta," in ji ta, "ka tare hanyar murhu. Kuma kira matarka ta taho, na riga na yanka jan zakaran."